ZAUREN IYALI: Ƙibar Yaro, Daga Tukunyar Gida Ake Gyara Ta

Yau za mu taɓo wata magana da yawancinmu ba mu ɗauke ta matsala ba, wato ƙibar yara wadda ta wuce kima.

Mu mutanen Sahel, rama muka sani da tsoro. Wanda ya ga ƙarancin abincin 2005 a Nijar, da yadda tamowa ta kama yara a yankunan Maraɗi da Damagaram, ba za a ga laifinsa ba in ya yi murna da ganin ɗansa ɓul-ɓul. Har yau tamowa ba ta bar mu ba. Amma a birane wata cutar ta shigo ta bayan gida, har akan tarar da unguwa guda tana da yaron da bai ƙoshi ba da wanda nauyi ya hana shi gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2022 sama da yara da matasa miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya zarce ƙa'ida, miliyan 160 daga cikinsu ƙibar ta kai matsayin cuta. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na masu waɗannan shekaru ke da nauyin da ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20.

Illar ba a kyan gani take ba. Yaron da ya tashi da ƙiba yakan girma da ita, ita kuwa tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa, da kitse a hanta. Ga kuma zolayar tsara a lakkol, wadda kan sa yaro ya janye jiki daga wasa, ƙibar ta ƙara samun wurin zama.

To, ina mafita? Abin da aka fi yi shi ne a sa yaron a gaba da faɗa, a rage masa tuwo, a kira shi acici, alhali sauran ƴan gida na shan lemun kwalba a gabansa. Wannan hanya ba ta ɓullewa. Yaro ba ya zuwa kasuwa, ba ya ɗora tukunya, ba shi ke zuba mai a miya ba. Abin da ya tarar shi yake ci, abin da ya ga manya na yi shi yake kwaikwaya.

Bincike ma ya gaskata haka. Wani masani a Amurka, Leonard Epstein, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin wasu yara masu ƙiba har shekara goma, suka fitar da sakamakon a 1990. Yaran da aka haɗa su da iyayensu wajen sauya cima da motsa jiki su ne suka fi riƙe sauƙin da suka samu. Dabararsa mai sauƙi ce: a kasa abinci gida uku kamar fitilar ba da hannu a titi. Kore, a ci a sake. Rawaya, a ci daidai. Ja, sai jefi-jefi.

In muka auna cimarmu da wannan mudu, koren yana nan birjik: zogale, yakuwa, rama, kuɓewa, kabeji, tumatur, karas, gwanda da kankana. A rawaya za mu sa tuwo, shinkafa, wake, fura, nono, ƙwai, kifi da nama, waɗanda jiki ke buƙata amma da awo. A ja kuwa akwai lemun kwalba, alawa, biskit, fanke, cincin da madarar gwangwani mai zaƙi da ake kwarara wa shayi. Gwangwanin lemo guda na santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wajen ƙwaya bakwai ke nan. OMS kuwa tun 2015 ta ba da shawara kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincin yini. Zoɓo da lemun citta na gida ma, in aka cika musu sukari, sun koma ja.

Aikin na kowa ne. Maigida shi ke cefane, shi ke ba da kuɗin tara na lakkol, shi ke shigowa da tsaraba da dare; in ya musanya biskit da ayaba ko goba, rabin aiki ya ƙare. Uwargida ta rage man da take zubawa, ta yawaita ganye, ta daina tilasta wa yaro ya share kwano bayan ya ce ya ƙoshi. Kaka, wadda ƙaunarta ga jika ke bi ta hanyar alawa, a zauna da ita cikin ladabi a fahimtar da ita, don dokar da aka kafa a tsakar gida aka karya ta a ɗakin kaka ba doka ba ce. Mai shayarwa kuma ta riƙe nono zalla wata shida na farko.

Sai motsa jiki. OMS ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsi mai sa gumi kowace rana, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a gaban talabijin ko waya. Langa, gaɗa, ƙwallo da tafiya lakkol a ƙafa ba su cin ko dala. A kashe talabijin lokacin cin abinci, a kwanta da wuri, domin ƙarancin barci ma yana da hannu a ƙiba.

Gargaɗi uku kafin mu rufe. Kada a sa yaro mai girma cikin yunwa da sunan rage ƙiba. A kai shi wurin likita a auna nauyi da tsawo, don sau da yawa abin da ake nema shi ne nauyi ya tsaya, tsawo ya cim masa. Kada a ɗauki kumburin ƙafafu da fuska a matsayin ƙiba, yana iya zama alamar tamowa mai tsanani. Sannan a nisanci ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, musamman ga ƴan mata. Wasunsu na kumbura fuska, su tayar da sukarin jini, su raunana ƙashi.

Ƴaƴa amana ce, addininmu kuma ya hore mu da tsakaitawa a ci da sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu zaɓi abu guda a wannan mako, ko da cire lemun kwalba ne daga cefane, gida duka ya bi, babba da yaro.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.