Wa Za A Fara Kira, Na Hagu Ko Na Dama?

A cikin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta akwai irin wanda ba amsa kaɗai yake kawowa ba, sai ya sauya wani abu a cikin na'urar kafin ya dawo. Misalinsa kamar akawu mai raba kati ne, wanda ya fara zuwa ya sami lamba 1, na biye da shi ya sami 2.

To, a ce mai rubutu ya kira wannan umurni sau biyu a layi ɗaya, ya ce a ɗebe amsar dama daga amsar hagu. In an fara da hagu, lissafi ya zama 1 a ɗebe 2, watau ɗaya ƙasa da sifiri. In kuwa an fara da dama, ya zama 2 a ɗebe 1, amsa ɗaya. Ga layi guda, ga amsa biyu, kuma in kuɗin mutane ake lissafawa, mai bin bashi ya koma wanda ake bi ke nan.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka a 1972, bai yanke hukunci a kan wannan ba. Ya bar zaɓi a hannun tafinta, watau manhajar da ke juya rubutun zuwa harshen na'ura, domin ta bi hanyar da ta fi sauri. Shi kuwa Java, da ya fito a 1995, ya tsai da doka cewa daga hagu za a fara.

Tarkon bai bar gwanaye ba. A littafin da Bjarne Stroustrup, maƙagin harshen C++, ya fitar a 2013, an sami wani misali na umurni jere kamar sarƙa wanda amsarsa takan bambanta daga tafinta zuwa tafinta. A 2017 aka gyara dokar C++ a kan irin wannan sarƙa, amma ɗebewa da tarawa har yanzu suna nan ba ƙa'idar wanda za a fara.

Saboda haka mai hankali ba ya dogara da amsar da tafintansa ya ba shi yau. Sai ya kira umurnin farko a layinsa, ya ajiye amsar, sa'an nan ya kira na biyu, kana ya yi ɗebewar a layi na uku. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa.