Wasiƙa Zuwa Ga Marubuta Labaran Aljanu da Jarumai



Yabonku ba ya buƙatar dogon bayani. A lokacin da makarantu suka daina sayen littattafan hira, kamfanonin ɗab'i kuma suka juya wa Hausa baya, ku kuka riƙe masu karatu, daga rumfunan littattafai na Kano har zuwa zaurukan WhatsApp da tashoshin YouTube inda ake karanta labaranku da murya. Ɗan acaɓa da matar aure da ɗalibin sakandare duk suna jiran ci gaban labarinku. Allah ya saka da alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne dabam, wato zoben tsafin nan da kuke ajiyewa a aljihun jarumi, wanda mai karatu ba ya jin labarinsa sai ranar da jarumin ya shiga tsaka mai wuya.

Kun san abin da nake nufi. An kewaye jarumi da mayaƙa dubu, takobinsa ya karye, dokinsa ya faɗi, mai karatu ya daina numfashi. Sai kawai a ce ya tuna da wata laya da wani tsoho ya ba shi shekaru goma da suka wuce, ya murza ta, aljani ya tsago ƙasa ya share rundunar. Ba a taɓa ambaton tsohon ba, ba a gaya mana abin da layar ke iyawa da abin da ba ta iyawa ba, kuma jarumin bai biya komai ba don amfani da ita. A babi na gaba, da sabuwar masifa ta zo, an manta da layar, sai wani madubin sihiri ya fito. Mai karatu na iya jin daɗin wannan sau ɗaya. A karo na uku ya riga ya gane cewa babu abin da zai sami jarumin, kuma daga ranar da ya gane haka fargaba ta bar shi, sai ya koma tsallake shafuka yana neman ƙarshe.

Za ku ce ai almara ce, ƙarya ce tun farko, a duniyar aljanu komai na iya faruwa. Kakanninmu mata da suka yi mana tatsuniya a tsakar gida ba su yarda da wannan ba. Ku duba Ta-kitse. Yarinya ce da ta samu daga kitsen sa, abin da ba zai yiwu ba, amma tun farko an kafa sharaɗi: kada ta shiga rana, kada ta kusanci wuta. Duk daɗin labarin yana cikin wannan sharaɗi, domin da kishiyoyi suka fara matsa mata ta fito aiki, yaro ɗan shekara shida ya san abin da zai biyo baya, cikinsa ya ɗuri ruwa tun kafin ta fara narkewa. Gizo ma wayonsa na da iyaka, haɗamarsa ce ke kayar da shi kullum. Macijin rijiyar Kusugu a Daura yana da dokarsa, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, shi ya sa kashe shi ya zama abin da ake ba da labari har yau. Ƙaryar tatsuniya tana da ƙa'ida, mai bayarwa kuma ba ta karya ƙa'idar da ta kafa da bakinta.

Magabatanmu na rubutu sun gaji wannan hankali. Ahmadu Ingawa, a Iliya Ɗan Maiƙarfi na 1951, ya fara da jarumi gurgu wanda ba ya iya tashi, kuma da ƙarfi ya zo masa bai zama mafi ƙarfin halitta ba, akwai irin su Wargaji da suka fi shi. Abubakar Imam ya ɗora littattafai uku na Magana Jari Ce, waɗanda suka fito tsakanin 1937 da 1939, a kan tsuntsu guda. Akun nan ba ya rikiɗa, ba ya kiran aljanu, bakinsa kaɗai gare shi, da shi, a littafi na farko, zai tsare ɗan sarki Musa a gida dare bayan dare yayin da waziri ke ƙulla makirci a waje. Idan labari ɗaya ya gaza riƙe yaron, an rasa shi. Ina ma a ce mai rubutu ɗaya cikin goma a yau zai yarda ya ɗaure hannun jaruminsa haka! Mutanen nan ba su da kwamfuta, takarda ma a ƙidaye take, amma sun san nauyin kowane shafi, ku kuwa kuna da fili marar iyaka kuna cika shi da tsawa da walƙiya.

Wani mai kaifin ido zai ce ai Imam ɗin ma ya yi, tun da a Ruwan Bagaja aljanu sun taimaki Alhaji Imam kafin ya kai ga ruwan, Ganɗoki na Bello Kagara kuwa ba a cin sa da yaƙi. Gaskiya ne, ba na kuma cewa littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 ba su da aibu. Amma ku auna. Mafi yawan Ruwan Bagaja dabara ce da ramuwar gayya tsakanin Alhaji da Malam Zurƙe, kowa na shan kashi a hannun ɗan'uwansa, taimakon aljanu bai zo ba sai bayan mai karatu ya ga wahalar da aka sha. Ganɗoki kuwa tsoho ne ke kurari gaban yara, kuma duk jaruntakarsa ba ta hana Turawa cin ƙasar ba. Akwai abin da ya fi ƙarfinsa, a nan labarin ya sami nauyi. Ko a Ingila, inda irin wannan rubutu ya zama babbar kasuwa, zoben da Tolkien ya ƙirƙira yana ɓoye mai sanye da shi, amma yana cin zuciyarsa a hankali, shi ya sa manya ke karanta littafin ba tare da jin kunya ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kasuwa: masu karatu suna biya, suna neman littafi na bakwai da na takwas, me zai sa a canza? Ban raina neman abinci ba. Sai dai ku lura da wanda ke biyan. Matashi ne ɗan shekara goma sha biyar zuwa ashirin da 'yan kai, kuma da ya ƙara hankali yakan bar ku, ya ce karatun yara ne. Yaron gaske kuma ba ku rubuta masa ba. Wannan shi ne laifi na biyu, kuma daga na farkon ya tsiro. Marubucin da ya rasa fargaba ta gaskiya dole ya nemi madadinta, sai ya ƙara jini, ya ƙara fille kawuna, ya tsaya yana siffanta jikin gimbiya shafi biyu. Bangon littafin yana ɗauke da hoton doki da takobi, ɗan firamare ya ɗauka, uwarsa ta leƙa ciki ta ƙwace, daga nan ta haramta masa duk wani littafin Hausa. Kun rasa yaro saboda ƙazanta, kun rasa babba saboda rashin ma'ana. Wannan sakaci ne, kuma ba na jin akwai wani suna mai laushi da ya dace da shi.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi kaifi. Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, wadda ta fito a 1969, ta ɗauki yaro Kilba ta kai shi sararin samaniya ba tare da kalma ɗaya da uba zai ji nauyin karantawa gaban ɗansa ba. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suna nan cike da dodanni da sharuɗɗansu, ba wanda ya hana ku ɗiba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin ku fara babi na ɗaya, ku rubuta wa kanku a takarda dabam abin da sihirin labarin zai iya, abin da ba zai iya ba, da abin da mai amfani da shi zai rasa. Duk layar da za ta ceci jarumi a ƙarshe, ku nuna mana ita tun da wuri. Ku kuma rubuta a bango ko littafin na yara ne ko na manya, don iyaye su san abin da suke saya.