Ganin suna a jarida ba ya sayen data

Jama'a, yau rubutun da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Jiya da la'asar ɗiyar yayata ta same ni a ƙofar gida nan Sanyinna, waya a hannu, baki har kunne. Wani shafin intanet ya amsa zai buga gajeren labarinta. Na ce, "Madalla, nawa za su ba ki?" Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Haba Kawu, ai alfarma ce sunka yi min. Cewa ma sunka yi in tura dubu biyu kuɗin rajista."

Wato ita ce ta hana idonta barci, ita ta sayi data, ita ta biya kuɗin caji a shago, kuma ita ce za ta biya a karɓi aikinta. Ikon Allah!

Ban yi mata dariya ba, don ni ma an sha ni. Shekarun baya na rubuta wa wata jarida maƙala kan manoman fadama da tsadar taki. Na hau mashin har ƙauyukan Kebbe, man daga aljihuna, na zauna da mutane na ji kukansu. Aka buga, shafi guda cur. Ladan da na samu shi ne "Allah ya ƙara basira" ta saƙon waya. Kwafin jaridar ma sai da na aika aka sayo mini daga Sakkwato. Lokacin kam na ji daɗi, har na nuna wa abokai a majalisa. Sai daga baya na zauna na yi lissafi.

Abin da ke damuna shi ne mun ɗauki rubutun Hausa tamkar sadaka. Malamin da zai rubuta maka allo sai ka aje masa kafin alƙalami. Mai ɗinki ba ya taɓa yadinka sai an yi ciniki. Marubuci ne kaɗai ke jin kunyar tambayar "nawa?", kuma in ya tambaya a ce ya cika son abin duniya.

Alhali ba haka aka faro ba. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ba a tafi ta tsaya ba. An buga littattafan, an sa su a makarantu, kuma Abubakar Imam daga nan aka jawo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939. Alƙalami ya zama sana'ar da ke ci da gida. Ko sunan jaridar ku duba, akwai kwabo a ciki. Ba kyauta ake rabawa ba.

A yau in ka tambayi inda ake biyan mai rubutun Hausa, kowa zai ce maka Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016. Gaskiya ta yi rawar gani, ta fito da mata da yawa da ba a san su ba, kuma akwai kyautar kuɗi. Amma sau ɗaya ce a shekara, ta mata ce zalla, kuma mutum uku ke ɗaukar manyan kyaututtukan. Sauran fa? Gasa daban, kasuwa daban. Manomin albasa ba ya jiran gasar noma kafin ya sayar da buhunsa.

Na san halin da gidajen jarida ke ciki. Takarda ta yi tsada, talla ta koma Facebook da TikTok, masu saye sun ragu. Duk mai fitar da jarida ko mujalla da Hausa a wannan zamani jarumi ne, ban ƙi ba. Mu masu karatu ma muna da namu kason. Littafi zai fito yau, gobe ka gan shi yana yawo a zaurukan WhatsApp kyauta, kuma mu ne masu turawa. OkadaBooks, inda wasu marubutanmu ke sayar da littattafansu, ta rufe a 2023.

Amma rashin kuɗi bai hana faɗin gaskiya. Mujallun Turanci da yawa, a Amurka da Ingila, suna rubutawa ƙarara a shafinsu: ga abin da muke biya, ga tsawon lokacin da za ka jira amsa, ga iyakar haƙƙin da muka saya a kan aikinka. Wanda ba ya biya ma yakan faɗa. Me zai hana editocinmu yin haka? In babu, a ce babu tun farko, marubuci ya zaɓa da idonsa buɗe. In akwai, ko kuɗin data ne, a faɗa, a kuma cika.

Kuma ku bari in faɗi wadda wasu ba za su so ba. Matan nan marubutan onlayin da muke rainawa sun fi mu wayo. Ta sa farashi, ka biya ta saka ka a zaure, ba ka biya ba ka tsaya a shafukan kyauta. Kana iya kushe wasu labaran, ni ma ina kushewa, amma ba ta taɓa jin kunyar cewa aikinta na da kuɗi ba.

Ɗiyar tawa na ce kada ta tura ko sisi. Na zaunar da ita ta rubuta musu tambaya uku: kuna biya? In kun buga, labarin nawa ne ko naku? Zan iya sa shi a littafina nan gaba? Ta tura tun jiya da magariba, an karanta, har yanzu shiru. Ita kuma tana fushi da ni, wai na kore mata sa'a.

Duk wanda wata jarida ko mujalla ta taɓa biya kan rubutun Hausa, don Allah ya faɗa mana sunanta da yadda aka yi. Labarin yarinyar yana da kyau, ina son in san inda za mu kai shi.