Wai Karatun Tarihi Ba Ya Ciyar da Gida

Akwai wata magana da ta yi yawa a zauruka, wai yaron da ya karanta tarihi ko harshe a jami'a ya yi asarar kuɗin ubansa, tun da bai fito likita ba. Jama'a, wannan maganar rashin bincike ce.

Ku dubi Chinua Achebe. Karatun likita aka ɗauke shi yi a Ibadan cikin 1948, ya bari ya koma Turanci da tarihi, har aka janye kuɗin taimakon da ake ba shi. Cikin 1954 ya kama aikin gidan rediyo a Ikko, littafinsa na 1958 kuwa an juya shi cikin harsuna fiye da 50. Kenneth Dike ma tarihi ya karanta, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikin 1960.

Malantar da ake rainawa fa, wa ya koya muku baƙi da wasali? Ku tambayi kowane akawu, takarda guda in an rubuta ta a karkace sai ta rikita shari'ar gona shekara da shekaru. Saboda haka ne ake neman masu wannan ilmi wajen aikin mulki, da jarida, da fassara, da ajiyar tsofaffin takardun gwamnati a Kaduna.