"Matsalar netwok ce" ba amsa ba ce

Jama'a, lokaci ya yi da za mu daina karɓar "matsalar netwok ce" a matsayin amsa. Mutum zai biya kuɗin makarantar ɗansa ta Remita, ko kuɗin fasfo, kati ya ƙi, wani lokacin ma a cire kuɗin amma ba su isa ba. Ya taka har banki a Jimeta, a ce masa ya yi haƙuri. Haƙuri da me? Kati ba ya ƙi haka siddan, kuma haƙƙinka ne a gaya maka dalili.

Dalilan sanannu ne. Ko wa'adin katin ya ƙare, ko ba a buɗe shi don biya ta intanet ba, ko lambar OTP tana tafiya tsohon layin da ka daina amfani da shi, ko ka wuce iyakar kuɗin da aka yarje maka a rana. Haka nan tun Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya wajabta haɗa asusu da BVN da NIN. Idan kuma shafin na ƙasar waje ne, ka sani daga 2022 bankuna da dama sun rufe biyan waje da katin naira saboda ƙarancin dala, sai a Yulin 2025 wasunsu suka sake buɗewa, shi ma da iyaka.

In an cire kuɗinka bai tafi ba, kada ka yi ta sake dannawa, za a iya cirewa sau biyu. Tun Yunin 2020 CBN ya ce a mayar da irin wannan kuɗi na POS da intanet cikin awa 72. Sun wuce? Rubuta ƙorafi ga bankinka, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. In mako biyu ya cika ba a warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN.

Wasu za su ce talaka ba ya ja da banki. To wannan shirun namu ne ya sa ake mana riƙon sakainar kashi. Takarda mai kwanan wata ta fi hayaniya a gaban kanta.

Amma mu ma da namu. Kati na ƙi, sai dattijo ya miƙa shi ga yaron shagon kwamfuta, ya karanta masa lambobi uku na baya, da PIN, da OTP. Ai ka ba kura ajiyar nama. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka yana neman waɗannan lambobi. Duk wanda ya nema, ɓarawo ne, kashe wayar.

A isar da wannan ga iyayenmu da ba sa hawa Facebook. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sakataren ƙungiya