Raddi ga Masu Cewa Ɗan Haya Ne Zai Biya Bashin Gini

Wata magana ta yaɗu a majalisun ƴan kasuwa da ma'aikata a ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogon Dutsi har Dumega: wai duk mai gidan zama ya ci bashin banki ya gina na biyu, ya zuba ƴan haya su riƙa biya masa, ya wayi gari da gida a ɓagas. Hujjojinsu uku ne, kuma ta farkon ce ginshiƙi.

Suka ce kuɗin haya yana rufe biyan wata. Sai mu ce, wane ne ɗan hayar? Ba'are a Dumega gidan gado yake zaune, in ya yi aure ya ta da ɗaki a gidan ubansa. Masu kama haya baƙi ne da aiki ya kawo: malaman makaranta, musamman ƴan kwantiragi, da ma'aikatan lafiya da jandarmomi. Ba su da yawa, ana yi musu canjin wuri ba shiri, da hutun damina ya zo malami ya tattara ya nufi garinsu, in kuwa kuɗinsa ya makara daga Yamai, mai gida ne zai haƙura. Shi banki bai san hutu ba. A ƙaddara an ci bashin sefa miliyan 5 da ruwa kashi 12 cikin ɗari: ruwan kaɗai a watannin farko jika hamsin ne kowane wata, ba a ko taɓa uwar kuɗi ba. Wanda ya je ƙananan asusun bashi nasa ya fi nauyi, domin iyakar ruwan da ƙasashen sefa na yammacin Afirka suka ɗora a 2014 kashi 15 ne ga bankuna, 24 ga irin waɗannan asusun. Gida nawa ne a Dumega ake kamawa jika hamsin?

Idan suka ce ai tun 2011 aka yanke Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin kanta, ma'aikata sun ƙaru, ba mu musa ba. Amma ofisoshin a garin Tibiri suke, ba a Dumega ba, kuma in mutum goma suka yi gini don baƙo biyar, baƙon ne zai yanka farashi.

Ta biyu, suka ce ƙasa ba ta ruɓewa, sefa kuma ba naira ba ce da za ta narke a hannu. Ƙasa dai ba ta ruɓewa, gini kuwa yana zubewa, daminar 2024 ta shaida hakan a faɗin Nijar. Yaɓe da rufi da masai duk aljihun mai gida suke kallo. Sefar ma an taɓa rage darajarta da rabi a watan Janairun 1994. Sa'annan in ɗaki ya zauna fayau, daga ina za a cike giɓin? Ɗan kasuwar Arewa da Kabi yake ciniki, ga shi an rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har watan Maris na 2024. Banki kuma ba ya ba da bashi sai da jingina, ko albashi ko takardar mallaka, sau da yawa ta gidan da iyali ke kwana ciki.

Ta ukun ta malamai ce: a bi hanyar murabaha, irin wadda Bankin Musulunci na Nijar ke yi. Ba mu ja da halaccinta in sharuɗɗa sun cika, wato banki ya sayi siminti da ƙarfe ya mallake su, sa'annan ya sayar da ƙarin da aka sani tun farko. Sai dai tsira daga riba ba shi ne cin riba ba. Ƙarin nan an riga an dunƙule shi cikin farashi, biyan wata yana nan daram, malamin makaranta ɗan haya da aka yi wa canji zuwa Gaya kuwa ya riga ya miƙa mabuɗi.