Raddi Ga Masu Haɗa Komoran Biyu A Kwando Ɗaya

A gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu akwai baƙaƙen tsuntsayen teku biyu masu nutso, komoran na Kef da komoran na Bank, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka dukansu cikin masu fuskantar ƙarewa. Wasu na da'awar cewa magani ɗaya ya ishe su. Hujjojinsu ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Sun ce kamanninsu ɗaya, gaɓarsu ɗaya. To, ai kama da wane ba ta wane. Na Kef yana da fatar maƙogwaro ruwan lemo, yana fita teku garke-garke yana bin kifayen sadin da ancobi. Na Bank ya fi shi jiki, ba ya nisa da gaɓa, yana nutso cikin ciyawar teku yana kamo lobsta, wato babban jatan landen duwatsu, a Namibiya kuwa ƙananan kifin gobi.

Daga nan hujjarsu ta biyu ta rushe, wai a taƙaita kamun sadin kowa ya tsira. Wannan zai taimaki na Kef, babu musu, domin tun durƙushewar sadin a Namibiya a shekarun 1970 yake shan wuya. Amma me na Bank zai samu? Shi matsalarsa raguwar lobsta ce da ƙaurarta zuwa kudu maso gabas, ga kuma yawancinsa cunkushe a 'yan tsibiran Namibiya irin su Mercury da Ichaboe. Malalar mai ɗaya a can ta isa ta yi masa mummunar ɓarna.

Hujja ta uku ita ta fi ci mini rai: wai na Kef yana da yawa, a bar shi tukuna. Yawan da ya zube da fiye da rabi cikin 'yan shekaru goma-goma? A Janairun 2021 iyayen na Kef suka watsar da 'ya'yansu a tsibirin Robben, ƙungiyar SANCCOB ta kwashe kusan 1,700 tana reno. A ƙarshen shekarar murar tsuntsaye ta kashe dubbai, mafi yawa a tsibirin Dyer, inda kwalarar tsuntsaye ta sha yi musu kisa tun da farko. Zaman cunkoson da ke sa a gan su da yawa shi ke sa annoba ta yi musu yankan ƙauna, kuma mai yiwuwa yunwa ta riga ta raunana su kafin cutar ta iso.